WAI SHIGA KOGO YAWON BANZA NE? MARTANI GA IYAYENMU NA AGYARAGU



Bayan gaisuwa da fatan alheri ga dukkan 'yan uwana Hausawa mazauna Agyaragu da Lafiya da Doma da Obi, har zuwa Makurɗi da sauran garuruwan da neman abinci ya kai iyayenmu suka yada zango. Yau da manyanmu nake magana, kuma na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Ina neman afuwa tun daga farko, domin ni ɗanku ne, a gabanku aka yanka mini ragon suna, amma neman afuwar ba zai sa in janye ko kalma ɗaya ba.

A duk faɗin Nijeriya ban san al'ummar da ta kai Bahaushe tafiya ba, haka kuma ban san wadda ta kai shi tafiya ido a rufe ba. Ku dubi 'yan doyarmu na nan garin. Mutum zai loda ƙwarya ashirin ko talatin a kasuwar Agyaragu, ya bi mota ya haye gadar Makurɗi, ya wuce Otukpo, ya wuce Obollo-Afor, ya faɗa mahaɗar Ninth Mile, ya miƙe ta Awka har Anacha. Wani ya shekara 30 yana wannan zirga-zirga. Tambaye shi shinge nawa ne a hanya, zai lissafa maka su ɗaya bayan ɗaya, har da abin da ake miƙawa a kowanne. Tambaye shi wane mai shayi ne ba ya ha'inci a madara, ko wane masallaci ne ke da ruwan alwala da tsakar dare, duk ya sani. Amma ka ce masa, Baba Alhaji, ko ka san akwai kogo a Ngwo, garin da ita Ninth Mile ɗin take cikinsa, wanda mutane ke tasowa takanas daga Legas da Abuja domin su gani? Sai ya dube ka kamar ka zage shi, ya ce, to in na gani a ba ni nawa?

Abin da ya tayar da wannan magana shi ne, mu matasan unguwa, mu kusan ashirin, mun yi shawarar yin karo-karo mu ɗauki bas idan damina ta ɗauke, mu je mu ga kogwannin da ke duwatsun Eggon a nan jiharmu, in Allah Ya hore kuma wata shekarar mu leƙa na nesa. Maganar ba ta kwana ba ta isa majalisar dattawa ta bayan sallar isha'i. Wani ya ce kogo gidan aljanu ne, duk yaron da ya shiga ya dawo da taɓin hankali kada a nemo shi da rubutu. Wani ya ce wurin tsafin mutanen ƙasa ne, Musulmi ba ya zuwa. Wani kuma, aminin mahaifina, ya ce shi bai damu da aljani ko tsafi ba, asarar kuɗin ce ta dame shi. Har aka samu iyayen da suka hana 'ya'yansu sa hannu a karo-karon. Cikin duk waɗanda suka yi wannan hukunci, na bincika, babu ko mutum ɗaya da ya taɓa tsayawa a bakin kogo.

Ni na shiga na Ngwo, shi ya sa nake da bakin magana. Bara motar da na bi da kayan mahaifina ta lalace a Ninth Mile, muka kwana biyu muna jiran a kawo ƙarfe daga Anacha. Maimakon in zauna a ƙarƙashin mota ina korar ƙuda, sai na ja yaron mota muka hau acaɓa. Da farko za ka ratsa wani daji na dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, an dasa su layi-layi, busasshen ganye ya rufe ƙasa har ba ka jin takunka. Daga nan sai hanya ta gangara, gangara mai tsanani, kana tafiya kana dafa saiwoyi. A can ƙasa akwai ɗan rafi, ka bi shi ka kutsa tsakanin bangon dutse biyu, sai ka gan ka a cikin wani ɗaki mai tsawon gaske, can sama akwai kafa, haske da ruwa suna zubowa tare ta cikinta, ruwan ya taru a ƙasa ya yi ɗan tafki mai sanyi kamar na randa da asuba. Yaron motar nan da tun daga Lafiya bakinsa bai huta da surutu ba, ya yi tsit, abin da ya fara fitowa daga bakinsa tasbihi ne. Ban ga dodo ba, ban ga boka ba. Na ga 'yan makaranta da malamarsu tana yi musu bayani, na ga ango da amarya suna ɗaukar hoto, na kuma ga ledojin ruwa da aka watsar a bakin rafin, wanda shi kaɗai ne abin da ya ɓata mini rai a wurin.

Masu tallar wurin suna kiransa kogon dutsen farar ƙasa, kuma a nan nake so in ɗan tsaya, domin rashin sani ya fi dare duhu, kuma rabin tsoron da muke yi wa kogo daga rashin sanin yadda yake samuwa ne. Dutsen farar ƙasa shi ne wanda ake ƙonawa a yi siminti. Ya bambanta da irin dutsen nan mai tauri da ake fasawa a zuba a kwankare, domin shi ruwa yana cinsa. Ruwan sama idan ya sauko yakan kwashi irin iskar nan da muke fitarwa in mun yi numfashi, wadda ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi ma ke fitarwa a cikin ƙasa, sai ya ɗan yi tsami, tsamin da harshe ba zai ji ba amma dutse yana ji. Wanda ya yi sakandare zai tuna, idan aka ɗiga ruwan batir a kan gutsuren wannan dutse sai ya hau kumfa. To abin da ruwan batir ke yi a minti ɗaya, shi ruwan sama ke yi a dubban shekaru. Ya sami 'yar tsaga ya bi, ya lashe ta kaɗan-kaɗan, tsaga ta zama rami, rami ya zama hanya, hanya ta zama ɗakin da zai ɗauki masallacin Juma'a.

Kuma ruwan da ya narkar da dutse a sama shi ne yake sake gina shi a ƙasa. A manyan kogwannin farar ƙasa na duniya, duk ɗigon da ya reto daga rufi yakan bar ɗan ɓurɓushin dutse kafin ya faɗo, ya kuma bar wani a inda ya faɗa. Sannu a hankali sai wani tsini ya riƙa saukowa daga sama kamar hauren giwa, wani ya riƙa tasowa daga ƙasa, in sun haɗu su zama ginshiƙi. A wurare da dama tsawon ɗan yatsa kaɗai yakan ci ɗaruruwan shekaru. Jama'a, ku yi tunani: abin da ya fara tsirowa tun kafin a haifi Shehu Ɗanfodiyo, yau bai wuce tsawon yatsanka ba, kuma wawa ɗaya zai iya karya shi da hannu ya sa a aljihu. Wanda zai tsaya gaban wannan bai ji ƙanƙantar kansa ba, to ba kogon ne ke da matsala ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, wannan dutse ba baƙonmu ba ne, a yankinsa muke zaune. Masana ilimin ƙasa sun ce wannan kwari na Binuwai teku ya taɓa shafe shi, kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, kuma ɓawon halittun wannan teku ne ya taru ya daskare ya zama dutsen farar ƙasa. Shi ake haƙa a kusa da Gboko, inda masana'antar siminti ke aiki tun 1980. Shi ake haƙa a Ashaka ta jihar Gombe, shi ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato, shi ake haƙa a Obajana ta jihar Kogi. Ruwan gishirin da ke ɓuɓɓugowa a Keana da Awe, wanda matan can ke tacewa su dafa, wanda fataken Hausawa suka daɗe suna saye tun kafin Bature ya zo, shi ma daga duwatsun wannan tsohon kwari yake fitowa. Ashe gishirin miyar kakanninmu da simintin shagunanmu ƙasa ɗaya ta haife su. Muna da dillalan siminti a nan garin da za su faɗa maka farashin buhu na yau da na jiya da na shekaranjiya, amma ba su san abin da ke cikin buhun ba. Jiharmu tana taƙama da kirarin gidan ma'adinai, mu kuma 'yan kasuwarta iyakar saninmu da dutse shi ne tifa nawa.

To bari in zo kan maganar aljanu. Ban musa akwai aljanu ba, Musulmi ba zai musa ba. Amma malamanmu da kansu suka karantar da mu cewa suna zama a makewayi da juji da kangon gida, kuma ban ga wanda ya daina shiga makewayi ba, addu'a muke yi mu shiga. Me ya sa addu'ar da ke aiki a bayan gida ba za ta yi aiki a bakin kogo ba? Sannan ina jin nauyin tunatar da waɗanda suka fi ni karatu nesa ba kusa ba, cewa a kogon Hira wahayi ya fara sauka, a kogon Saur Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fake shi da Sayyidina Abubakar a lokacin hijira, kuma surar da muke karantawa duk ranar Juma'a sunan kogo gare ta. Alhazanmu suna hawa dutsen Hira da tsufansu, su dawo suna ba mu labari da alfahari. Yaya aka yi kogo ya zama abin alfahari a Makka, ya zama gidan dodo a Nasarawa?

Haɗarin da ke cikin kogo na gaske ne, amma ba wanda kuke faɗa ba ne, kuma da kun faɗi na gaskiyar da mun fi amfana. Na farko ruwa. A watan Yunin 2018 yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu suka shiga kogon Tham Luang a ƙasar Tailan, wanda na farar ƙasa ne, ruwan sama ya sauko ya toshe musu hanya, sai da aka shafe kwana 18 kafin a gama fito da su, kuma wani mai ninƙaya cikin masu ceto ya rasa ransa. Darasin a fili yake: ba a shiga kogo da damina. Sai kuma jemagu. Kashinsu idan ya bushe ya zama ƙura yana iya sa ciwon huhu, kuma a kogon Kitum na ƙasar Kenya an samu waɗanda suka kamu da cutar Marburg bayan shigarsu, a 1980 da 1987. Akwai kuma lungunan da iska ba ta zagayawa, mutum ya ji jiri ya faɗi. Ina kyautata zaton da yawa daga cikin waɗanda aka ce aljanin kogo ya shafe su, zazzaɓin jemage ne ko rashin iska. Maganin wannan kuwa sananne ne: a tafi da rani, a tafi da ɗan gari mai nuna hanya, kowa da tocilarsa, kada a kutsa inda jemagu suka yi dandazo, kada a taɓa su. Wannan ita ce nasihar da muke jira daga manya, ba a ce mana kul ba.

Maganar tsafi ta fi ƙarfi, kuma ba zan yi mata kwana-kwana ba. Gaskiya ne wasu kogwannin suna da matsayi a addinin gargajiya na masu su. Misali Ogbunike, wanda ke dab da Anacha, motocinmu suna wuce garin kullum. Ana sauka zuwa bakinsa ta matakala 317, akwai hanyoyi da ɗakuna a ciki, ga jemagu, ga ruwa da ke fita ya haɗu da rafin Nkisa, kuma tun 2007 yana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO domin a duba yiwuwar sa su cikin kayan tarihin duniya. Mutanen garin suna girmama shi, suna yi masa biki duk shekara, kuma doka ce sai ka cire takalmi kafin ka shiga. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da cire takalmin ba, ya tambayi malaminsa, in an ce ya bari ya bari, ba ni da ja. Amma daga kogo ɗaya a yi wa duk kogwannin duniya kuɗin goro?

Kuma mu ji tsoron Allah mu dubi gida. Dutsen Dala da ke tsakiyar Kano, ba a kansa Barbushe yake bautar Tsumburbura ba? Yau wa ya hana Bakano hawansa ya hango gari? Rijiyar Kusugu ta Daura, da labarin macijinta, ba zuwa ake yi ana kallo har a sha ruwanta ba? Dutsen Kufena na Zariya da na Kwatarkwashi a Zamfara, wa bai san tarihinsu da iskoki ba? Waɗannan duka mun yafe musu, mun ce tarihi ne, saboda namu ne. Na Eggon da na Ibo kuwa mun ce tsafi ne, saboda na wasu ne. Wannan ba tauhidi ba ne, raini ne aka naɗa wa rawani. A ƙasar Habasha, a yankin Bale, akwai kogon farar ƙasa da tsawon hanyoyinsa ya haura kilomita 15, kogin Weyib yana ratsa cikinsa, sunansa Sof Omar, sunan wani shehin Musulunci ne da ya zauna a wurin. Musulmin yankin ne ke zaune a bakinsa, su ne ke shiga da baƙi. Ko su ma ba su san addini ba sai mu 'yan Agyaragu?

Maganar kuɗi ba zan ɓata lokaci a kanta ba. Abin da kowannenmu zai bayar bai kai abin da wasu samarinmu ke zubarwa a cacar ƙwallo cikin mako biyu ba, kuma ban ji an kira taron majalisa a kan wannan ba. Amma tun da harshen riba kuka fi ji, ga lissafi. A ƙasar Sulobeniya ta Turai akwai kogon Postojna, an buɗe shi ga masu ziyara tun 1819, aka shimfiɗa masa layin dogo a ciki a 1872, har yau mutane suna biya suna shiga. Shekara 200 ke nan dutse ɗaya yana ciyar da gari, kuma bai ragu ba. Da nakiya aka sa masa aka yi siminti, da tuni an cinye kuɗin an manta. Na tabbata da a ce wannan kogo a Nijeriya yake, Bahaushe ne zai fara kafa tukubar tsire a ƙofarsa, wani ya baza huluna da carbi, wani ya buɗe canji, su shekara 40 a wurin, kuma a cikinsu babu wanda zai taɓa leƙa ciki.

Hujja ɗaya ce na ji ta kama ni, ita ce ta tsaro. Hanyoyi ba su da aminci, an tare mutanenmu a kudu an kashe, dokar zaman gida ta ranar Litinin da aka ɓullo da ita a jihohin Ibo a 2021 ta jawo wa direbobinmu asara da fargaba, mu nan ma ba mu tsira daga masu garkuwa ba. Duk gaskiya ne. Amma, ranku ya daɗe, wannan hanyar ce kuke tura mu da doya duk mako. Idan da kaya a bayan mota, sai ku ce Allah Ya tsare. Idan babu kaya, sai ku ce hanya ba kyau. Kuma tafiyar da muka shirya ba kudu ba ce, Nasarawa Eggon ce, a kan titin Lafiya zuwa Akwanga, wanda aka riga aka tagwaita, ka yi karin kumallo a gida ka dawo ka yi la'asar a gida.

A nan ne nake zargin akwai abin da ba a son faɗa. Duwatsun Eggon ba na farar ƙasa ba ne, masu tauri ne, kogwanninsu ba za su yi ƙawa irin ta Turai ba. Abin da ke cikinsu tarihi ne, kuma tarihin ya shafe mu. Me ya kai mutane zama a kan dutse, suna noma a ɗan tsagin da suka tare da duwatsu, suna hawa da tulun ruwa a ka, alhali ga fili shimfiɗe a ƙasa? Gudun mahara ne. A ƙarni na 19 mahaya dawakai daga masarautun da ke kewaye, irin su Keffi da Nasarawa, suna kai hari ƙasashen nan suna kama bayi, wasu a tura su arewa a matsayin gaisuwa. Doki ba ya hawa dutse, shi ya sa dutse ya zama gari, kogo ya zama maɓoya. Na san amsar da za a ba ni: kakanninmu ba mahara ba ne, fatake ne, wasu ma sai bayan da jirgin ƙasa ya ratso Lafiya suka zo. Haka ne, nawa kakan ma da buhun goro ya zo, ba da mashi ba. Amma maharan da Hausa suke magana, kuma wanda kakarsa ta ba shi labarin yadda aka ɓoye ta a kogo, idan ya ji harshenmu ba ya tsayawa tantance wane ne jikan farke, wane ne jikan barde. Mu ba mu san wannan labari ba, su kuwa da shi aka yi musu reno. Kullum muna cin kasuwa ɗaya da mutanen da ke ɗauke da wani abu game da mu wanda ba mu taɓa damuwa mu ji ba.

Sai kuma mu zo muna kuka. Muna kuka an hana ɗanmu takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma alhali a nan aka binne cibiyarsa. Muna kuka ana ce mana baƙi bayan shekara 70. Kukan yana kan hanya, ni ma ya shafe ni, kuma zalunci ne a ce yaron da bai san kowa a Katsina ba a tura shi Katsina neman takarda. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, wane ɗan ƙasa ne bai san ƙasarsa ba? Cikinmu mutum nawa ne ke iya gaisuwa da Migili, mutanen da muke kwana muke tashi da su? Nawa ne suka taɓa zuwa Keana suka ga yadda ake dafa gishiri, ko Wamba suka ga Farin Ruwa? An ƙirƙiro jihar nan ranar 1 ga Oktoban 1996, yawancinmu matasa a cikinta aka haife mu, amma mun fi sanin 'yan wasan Arsenal da na Barcelona a kan ƙananan hukumominta 13. Muna zaune kamar masu jiran mota a tasha, jaka a hannu, sannan muna mamakin ana yi mana kallon matafiya.

Ina yaro lokacin rikicin Nuwamban 2012 da aka ƙone gidaje a garin nan, har da fadar sarkin Migili. Faɗan ba namu ba ne, amma wuta ba ta tambayar ƙabila. Abin da na riƙe daga wannan rana shi ne, waɗanda suka san inda za su nufa su ne masu abokai a ƙauyukan kewaye, waɗanda suka taɓa cin abinci a gidajen mutane, suka san hanyar gona. Sauranmu titin kwalta kaɗai muka sani, kuma a irin wannan rana titin kwalta shi ne wurin da ba a bi.

Ba haka magabatanmu na kirki suka yi zaman baƙunci ba. Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, fataucin shanu ya kai shi Inugu, ya shiga cikin mutane, ya shiga siyasarsu, har suka zaɓe shi magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Ba a zaɓen mutumin da iyakarsa zango da masallaci. Kuma ku lura da wani abin kunya. A gandun dajin Yankari na jihar Bauchi akwai kogwanni 59 da mutanen da suka haƙa da hannu a jikin dutsen yashi, ana kyautata zaton maɓoya ce ta zamanin yaƙi da farautar bayi. Sunan wa suke amsawa? Marshall, wani Bature da ya yi bincike a kansu a 1980. Mafarauta da makiyaya sun fi shi sanin dajin, amma shi ne ya tsaya ya duba ya rubuta, sai suna ya zama nasa. Haka dutsen Keffi yake amsa sunan Kyaftin Maloni, Baturen da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe a 1902. Mu muna wucewa, wasu suna tsayawa, sannan mu ce an ƙwace mana tarihi.

Saboda haka, iyayenmu, tafiyar nan tana nan, in Allah Ya kai mu watan Disamba da rai da lafiya. Ba za mu je a ɓoye ba, kuma ba za mu je kamar 'yan iska ba. Abokan karatunmu biyu 'yan Eggon da muka yi sakandare tare sun yarda su yi mana jagora. Za mu fara sauka wurin mai gari mu yi gaisuwa da ƙwaryar goro, mu nemi izini. Inda aka ce kada a shiga ba za mu shiga ba, inda aka ce kada a ɗauki hoto ba za mu ɗauka ba, kuma duk ledar da muka je da ita da ita za mu dawo. Za mu nemi tsoho ɗaya ya zauna ya ba mu labarin hawan dutsen da saukowarsa, ko da labarin zai yi mana ɗaci. Azahar za mu yi ta a gindin dutse cikin jam'i.

Waɗanda aka hana, ina roƙon iyayensu su sake shawara kafin ƙarshen wata, domin mai bas yana son sanin adadi. Duk dattijon da yake son ya gani da idonsa kafin ya sake yanke hukunci, kujerar gaba tasa ce, kuma mun ɗauke masa kuɗin mota.

Wassalam.

Naku, ɗan mai doya,
daga Agyaragu, Jihar Nasarawa.